Hannu Ya Saki Ko Bai Saki Ba?

Mai karatu, yau sai ka yi haƙuri da ni, domin babu saurayi babu budurwa a cikin abin da na zo da shi, babu kishiya balle uwar miji. Magana ce a kan wasa, amma irin wasan da na ga ya raba mutanen da suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan dara a Fagge, ko ya tsaya kallon 'yan diraf a Sabon Gari, zai shaide ni cewa da wuya ka ji ana musu a kan ainihin dokar wasan. Kowa ya san uku a jere ci ne, kowa ya san huɗu a jere banza ne. Inda ake ɓatawa shi ne ɗan taƙin nan da ke tsakanin ɗaukar ɗa da sakinsa, wanda bai wuce ƙiftawar ido ba. Ya ajiye ko bai ajiye ba? Ya saki ko yatsansa yana kai? Bugawa ya yi ko gyarawa? A kan wannan ɗan taƙi ne za ka ga dattijo mai jikoki ya miƙe tsaye, hula ta karkace, yana neman a ba shi dama ya rantse.

Da yake na san mafi yawan masu karanta mu mata ne, su kuma ba a zaman majalisa da su, bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake. Dara gida 30 gare ta, layi biyar, kowane layi gida shida, a tona su a ƙasa ko a fafe su a jikin katako. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsinkaye, wancan ya ɗauki tsakuwa ko marafan kwalba. Da farko za a yi ta zubawa, in sa ka sa, har 'ya'ya 24 su shiga, gida shida su rage babu kowa, kuma a wannan zubin ba a yarda ka jera uku ba. Daga nan sai a fara tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera 'ya'yansa uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya daga na abokin wasansa. Babban abin da kowa ke nema shi ne ya kafa doki, wato ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kaiwa da komowa tsakanin gida biyu, in ya je ci, in ya dawo ci. Wanda aka hau masa doki, to sai dai ya fara karkaɗe riga.

To me ya sa sakin hannu ya zama abin rigima? Saboda ɗan dara ba gidaje kaɗai yake karantawa ba, har da fuska. Gwani zai ɗaga tsinkensa, ya kai shi bakin wani gida, ya ɗan dangwala, idonsa kuwa yana kan fuskarka. In ya ga ka yi murmushi, ko ka gyara zama, ko wani ɗan kallo a bayanka ya yi gyaran murya, ya gane rami ne, sai ya janye ya ce dubawa yake. Ya sayi labari ke nan bai biya ko kwabo ba. Shi ya sa na daɗe da tsayawa a kan cewa maganar "ai ban yi niyya ba" ba ta da wurin zama a wasa. Ba wai duk mai faɗinta maƙaryaci ne ba. Abin dai shi ne, mai gaskiya da mai wayo kalma ɗaya suke faɗa, da murya ɗaya, kuma babu wanda ke zaune a wurin da zai iya bambance su.

Ina aji huɗu a sakandare aka yi wata a unguwarmu da har yau ba ta bar kaina ba. Akwai majalisa a gindin wata darbejiya, inda ake yayyafa wa ƙasa ruwa bayan la'asar kafin a tona gidaje. Manyan gwanayen wurin biyu ne, wani tela da shagonsa ke kallon majalisar, da wani Alhaji ɗan canji da ke zama a Wapa. Aminai ne tun suna makarantar allo, kuma telan ne ke ɗinka wa gidan Alhajin kayan salla kaf, mata uku da 'ya'ya rututu. Ranar nan wasa ya yi zafi, Alhaji ya zare tsinkensa ya soka a wani gida, sai wani yaro a cikinmu ya ce "kash!" Kafin ka ce kwabo tsinken ya koma inda ya fito.

"Alhaji, ai ka buga," in ji tela.

"Haba Malam, ina na buga? Hannuna bai bar kansa ba."

"Ka soka shi, kowa ya gani."

"Sokawa daban, saki daban. Tun yaushe aka fara haka a nan?"

Nan fa majalisa ta rabu biyu, kuma in ka duba da kyau za ka ga rabuwar ta fi bin wanda ke saya wa mutane shayi a kan abin da ido ya gani. Aka juya ga wani tsoho da kowa ke kira Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ciwon gwiwa ya hana shi tsugunno amma kullum yana kan bencinsa. Baba bai tambayi kowa abin da ya gani ba. Ya sunkuyo ya nuna gidan da sandarsa, ga ɗan ramin da tsinken ya bari a cikin danshin ƙasa.

"Alhaji, ni ban ga zuciyarka ba, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ga sawunka nan. A wurin nan, tun kafin ka fara sa wando, tsinken da ya huda ƙasa ya zauna."

"Yanzu Baba ni za a yi wa haka a gaban yara?"

"Da telan ne ya yi, haka zan faɗa masa, ɗana."

Alhaji ya mayar da tsinken, aka cinye shi, ya sa takalmansa ya tafi. Sallar da ta biyo baya wani telan ya kai wa ɗinkin gidansa, haka wadda ta biyo bayanta. Wanda ya san abin da ɗinkin gida irin wannan yake nufi ga tela a watan azumi ya san ba ƙaramar asara ba ce. A shekarar sai da telan ya sallami ɗaya daga cikin yaran shagonsa. Sai da aka yi rasuwa a gidan telan, Alhaji ya zo gaisuwa, sannan suka koma magana, amma ban sake ganin sun zauna dara tare ba.

Har yau akwai masu cewa da Baba ya ce a sake wasan, da ba a kai ga haka ba. Ni ban yarda ba. "A sake" shi ne hukuncin da ya fi kowanne daɗin faɗa, kuma kusan kullum wanda ya janye hannu yake yi wa aiki, domin shi ne ya riga ya hango ramin. Abin da ma ya fi burge ni shi ne yadda tsohon ya ƙi bari a kai ga rantsuwa. Da ya ce Alhaji ya rantse bai yi niyyar saki ba, da ya rantse, wataƙila ma da gaskiyarsa, tela kuma ya ƙare rayuwarsa yana kallon amininsa a matsayin wanda ya rantse a kan ƙarya saboda tsinke.

Ka tsallaka zuwa Sabon Gari, sai ka tarar da wata duniyar. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne aka yanka wannan unguwa domin baƙi, 'yan Kudu da mutanen Gana da Saliyo, kuma har yau sunayen titunan suna ba da labari: Igbo Road, Yoruba Road, Enugu Road, Abeokuta Road, Gold Coast. Wasan da ya fi karɓuwa a can shi ne diraf, allo mai gida 100, kowa da 'ya'ya 20. Mutum biyu za su hau benci su ɗora allon a kan gwiwoyinsu, suna buga 'ya'yan da ƙarfi kamar masu jin haushin katakon. Na sha tsayawa kallo idan na kai littattafai wurin masu sayarwa a Bata, na biyo ta France Road.

Dokarsu ta fi tamu tsauri. Da Turancin buroka suke faɗarta, ma'anarta dai in ka taɓa ka buga. Ba a jiran ka saki. Yatsanka ya sauka a kan ɗa, to shi za ka tafiyar, ko da mutuwarka ce a ciki. Wani zai ce zafin kai ne ya kawo haka. Ni a ganina rashin Baba ne. A benci ɗaya za ka ga Ibo da Bayarabe da Bahaushe da mutumin Binuwai, babu wanda ya yi makarantar allo da wani, babu dattijon da duka suke jin kunyarsa. Inda babu mai raba gardama, dole a matso da iyakar kusa, a sa ta inda ba ta bukatar alƙali. Amma su ma ba su tsira ba, tasu rigimar a kan ci take. A dokar ƙungiyar diraf ta duniya, wadda aka kafa a 1947, ci dole ne, kuma in hanya biyu ce sai ka bi wadda ta fi yawan 'ya'ya. A benci kuwa wasu suna barinka ka zaɓa, wasu kuma in ci ya samu ba ka ci ba, sai su ɗauke ɗan naka su hura masa iska su ajiye gefe. Sai a shiga musun ko mai hurawar ya riga ya taɓa nasa ɗan kafin ya tuna. Shi ya sa gogaggun cikinsu ba sa jera 'ya'ya da baƙo sai sun tambaye shi dokar garinsu.

Wasa na uku shi ne ya jawo wannan rubutu, kuma ba namu ba ne. Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya da suka zo Kano cinikin gyaɗa da yadi tun farkon ƙarnin da ya wuce, a Fagge ta Kudu suka zauna, inda ya zama Kantin Kwari a yau. Sun zo da wani wasa da suke kira tawula, Turawa kuma bakgamon. A wani dogon hutu na yi aikin ɗaukar bandir a kantin wani tsohon Kwara, shi kuwa da zarar ciniki ya lafa sai ya buɗe wani akwatin katako mai ado, abokinsa ya zo, a kawo gahawa. Allon yana da gida 24 masu kama da tsinin mashi, kowa da 'ya'ya 15, sai ƙwaya biyu masu ɗigo irin na lido. Abin da ƙwaya ta ba ka shi za ka taka, in ta ba ka iri ɗaya, kamar siki da siki, ka taka sau huɗu. Wanda ya riga kwashe 'ya'yansa daga allo shi ya ci. Ƙirgensu ma da kalmomin Farisa da Turkiyya suke yi, shesh-besh shida da biyar, du-shesh shida biyu. Saurin hannunsu bai ma bar wurin musun saki ba. Faɗansu a kan jifa yake, wannan ya ce wancan ya riƙe ƙwayar a yatsa ya ajiye ta maimakon ya wurga.

Kada wani ya ce tallarsa nake. Malamanmu sun yi magana mai kauri a kan wannan wasa, wanda littattafai ke kira nardu, har babi gare shi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya hana shi shiga gari duk da shekarun da ya yi a bakin ganuwa. Ni dokokinsa na gasa ne suka ja hankalina da na zauna na karanta su a intanet, domin na tarar mutanen nan sun yi fama da irin ciwon majalisarmu, sun kuma zauna sun rubuta magani.

Tun 1931 wani kulob a birnin New York ya tsara dokokin a rubuce, kuma tun 1979 Monte Carlo ce ta zama gidan gasar duniya. Abin mamaki na farko, su ba ruwansu da taɓa ɗa. Kana iya ɗaukarsa ka kai can, ka duba, ka dawo da shi, ka gwada wani, babu mai ce maka uffan. Abin da ke rufe bugunka shi ne ɗauke ƙwayoyinka daga kan allo, in kuma da agogo ake yi, danna agogon. Da Alhajinmu a can yake, da ya soka ya zare sau goma babu laifi, amma da zarar ya ɗauke ƙwaya ko kuka zai yi ba mai sauraronsa. Musun jifa irin na maigidana Kwara kuwa sun kashe shi da kofi: a ciki za ka girgiza ƙwayoyin, ka zubo su tare a ɓangaren allon da ke damanka. In ɗaya ta jingina ta karkace ko ta faɗa waje, duka biyun ake sakewa, don kada mutum ya riƙe wadda ta yi masa daɗi.

Inda suka koma 'yan Sabon Gari sak shi ne wajen wata babbar ƙwaya da aka shigo da ita cikin wasan a New York a shekarun 1920, mai lambobi 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Ita ba jefa ta ake ba. In ka ga kana da rinjaye, kafin ka yi jifa sai ka miƙa wa abokinka ita, ma'ana mu ninka makin wannan wasan. Ko ya karɓa a ci gaba a kan ninki, ko ya ƙi ya sallama maka wasan nan take. Ka ga a nan fuska ita ce komai. In na kai hannu na ga ka razana, na san in miƙa. In na ga kana murna, in fasa. Don haka dokar gasa ta Amurka ta ce in ka taɓa ta, ko ka furta wata magana, ko ka yi wata alama da mai hankali zai fahimci ninki kake nufi, to ka ninka ke nan. Babu mai tambayar abin da ke ranka, abin da na gabanka zai fahimta ake dubawa. Wato a wasa ɗaya sun sake ka a inda gwaji ba ya sato wani labarin kirki, sun ɗaure ka a inda yake satowa.

Ƙorafi ma yana da lokacinsa. In abokinka ya taka ba daidai ba, ka yi magana kafin ka yi taka jifar. In ka jefa, ka yarda da abin da ya wuce. Akwai alƙalin gasa, in ba ka gamsu da shi ba a haɗa kwamitin waɗanda ba ruwansu da rigimar su sake dubawa. 'Yan kallo kuwa an ɗinke musu baki, in sun ga ɓarna alƙali za su je su gaya wa a gefe. Wannan ta ƙarshen ce ba zan saya ba. Majalisar da ba a cewa "kash", ba a tsokana, ba a yi wa wanda aka cinye dariya, ai ta zama ɗakin jarrabawa. Mu hira muka zo, darar dalili ce. Amma fa tunda ba za mu iya rufe bakin 'yan kallo ba, mun fi su bukatar a tsaurara a kan hannu. Ba za a bar yaro ya ce kash, a kuma bar Alhaji ya zare tsinke ba.

Kada kuma a ɗauka rubuta doka da ajiye alƙali shi ke nan. A 1994, a gasar ces, wadda malamai ke kira shaɗaranji, da aka yi a garin Linares na ƙasar Sifaniya, Garry Kasparov, wanda babu kamarsa a duniya a lokacin, ya haɗu da Judit Polgar 'yar ƙasar Hangari, yarinya mai shekara 17. A ces dokar a bayyane take: ka taɓa ka buga, ka saki ya zauna. Kasparov ya kai dokinsa wani gida, yatsunsa suka rabu da shi na abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sai ya ɗauke shi ya kai wani gidan. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, alƙali bai ce komai ba, aka ci gaba ya cinye ta. Daga baya hoton masu ɗaukar talabijin ya nuna lallai ya saki, amma lokacin ƙorafi ya wuce, sakamako ya zauna. Sai a 2002 a Mosko ta samu ta doke shi.

Abin da ya riƙe bakinta shi ne abin da ke riƙe bakin ɗan tireda in yana wasa da mai gidan da yake haya. Duk inda aka bar abu a dunƙule, babba ne ke warware shi yadda ya so, ba sai ya yi ƙarya ba, kwarjininsa ya isa. Dokar da ta tsaya a kan abin da ido ke gani, sawun tsinke ko ɗauke ƙwaya, ƙaramin mutum take karewa, domin ta ba shi abin da zai nuna da yatsa ba tare da ya ce wa babba ka yi ƙarya ba.

Mu 'yan Fagge bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, domin da shi muke ci. Shiga Kwari ka taya atamfa. Muddin mai kaya yana cewa albarka, kana da damar ka ƙara ko ka wuce. Amma ka taya ya ce ya sallama, sannan ka ce ai dubawa kake, ka ga yadda layin zai taso maka. Har a fiƙihu an yi wannan saɓanin: 'yan Shafi'iyya suna ganin mai saye da mai sayarwa suna da damar fasawa muddin ba su rabu daga wurin ba, mu Malikawa kuwa ciniki ya ƙullu da zarar an yi magana an amsa. Ko wanne ka bi, iyaka ce aka sa a inda shaidu za su gani. Shi kansa Alhajin da ya yi fushi, da wani ya taya dalarsa a Wapa ya sallama, sannan mutumin ya ce bai saki ba, da unguwa ta ji su.

Wani abokina malamin makaranta yana yawan ce mini wannan ra'ayi nawa babu tausayi a ciki: hannun riga yana ture ɗa, tsoho yana da karkarwa. Gaskiya ne, kuma kowane wasa ya bar ƙofa. 'Yan ces suna da wata kalmar Faransanci da suke faɗa, ma'anarta gyara zan yi, sharaɗin dai ka faɗe ta kafin ka taɓa. Mu ma a dara mai hankali yakan ce "zan gyara" kafin ya miƙa hannu ga tsinken da ya kwanta. In akuya ce ta ratsa, ko yaro ya taka gidajen da gudu, kowa ya san ba bugu ba ne, a mayar yadda aka tuna. Tausayin da nake ƙi shi ne wanda ake nema bayan an hango sakamako.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, darbejiyar ma an sare ta an yi shaguna. Majalisar ta koma ƙofar wani gareji, a kan katako ake bugawa, samari kuwa yawanci sun koma lido a waya, inda na'ura ba ta san "ban saki ba" ba. Da yake katako ba ya riƙe sawu, sai da muka zauna muka sake yanka iyaka: ɗan da ya tashi daga gidansa shi za a tafiyar, wanda yatsa ya rabu da shi ya zauna, mai ƙorafi ya yi kafin ya taɓa nasa. Wani mai fenti ya rubuta mana a bango.

Ba a yi wata biyu ba aka kawo wadda ba ta cikin rubutun. Wani direban A Daidaita Sahu ya ɗaga ɗansa, yana riƙe da shi a sama yana tunani, sai aka tayar da iƙamar magariba. Ya jefa ɗan a aljihu, aka tafi masallaci. Da aka dawo ya fito da shi ya ajiye a gidan da babu wanda ya zata, ya kafa doki. Abokin wasansa, wani mai sayar da kayan gyaran babur, ya ce bai yarda ba, domin a hanyar dawowa ya gan shi tafe da wani gwani suna ƙus-ƙus. Direba ya ce maganar kuɗin haya suke. Bai saki ba, bai canja ɗa ba, bai taka ko ɗaya daga cikin abin da ke bango ba. Da yake ni ne mai ɗan furfura a wurin a ranar, kuma mutane suna ganin kamar marubuci ya san komai, sai aka juyo gare ni.

Na ce bugun ya zauna, tunda babu abin da za a nuna da yatsa. Na kuma ba su labarin yadda 'yan ces suke yi a da in lokaci ya ƙure ba a gama ba: wanda bugu ke kansa ya rubuta abin da zai buga a takarda, a rufe a ambulan, alƙali ya ajiye har a dawo, kafin zuwan kwamfuta ya sa a daina ɗage wasa a shekarun 1990. Mu ba mu da ambulan, don haka aka tsaya a kan cewa in aka kira salla ɗa yana hannunka, ka raɗa wa mai shayi gidan da za ka, shi ne shaida. Mai shayi ya ce ya yarda, amma duk wanda ya ba shi ajiyar bugu sai ya sayi kofi ɗaya da burodi. Mai kayan babur ya tashi ranar bai ce wa kowa sai da safe ba. Washegari shi ya riga kowa zuwa, ya ware 'ya'ya goma sha biyu-biyu yana jiran direba.